Tex, Blueberry da Lucky Luke: wanne ya fi faɗin gaskiya a kan zamanin kaboyi?

Mai Zanen Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana a kan littattafan kaboyi masu zane, kuma na san akwai manya a nan da suka riga ni buɗe su, shi ya sa na kawo ta gabanku. Ƙasar ta Amurkawa ce, tarihin nasu ne, amma idan ka jera littattafan da suka fi kyau sai ka tarar mutanen Italiya da Faransa da Beljiyam ne suka yi su. Lucky Luke ya fito a Beljiyam a 1946, Tex a Italiya a 1948, Blueberry a Faransa a 1963. Amurkawa sun yi nasu, su Red Ryder da Kid Colt da Rawhide Kid, amma jarumai masu tashi sama sun zo sun cinye musu kasuwa.

Ni dai a wurina Blueberry ne gaba. Jean-Michel Charlier ke rubutawa, Jean Giraud ke zanawa. Ku buɗe "La Mine de l'Allemand perdu" da na biyunsa, na 1972, ku dubi duwatsun nan da hamada. Za ka ji ƙishirwa ta kama ka. Giraud ya zauna a Meksiko yana saurayi, ya ga irin wannan ƙasa da idonsa, kuma hannunsa bai manta ba. Mutanensa suna gumi, gemunsu ya yi buzu-buzu, rigarsu ta yi dauɗa. Dokinsa idan ya gaji kana ganin gajiyar a wuyansa da yadda yake jan ƙafa. Duk wanda ya taɓa gwada zana doki yana sukuwa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda yake da wani da ya fi shi, bismillah.

Alhajin Torino:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka iya zance, amma ka tsallake babba ka gaida ƙarami. A nan Italiya Tex ba littafin yara ba ne. Duk wata sabo ke fitowa, shafi sama da 100, baƙi da fari, kuma lambobinsa sun haura 700 tun 2019. Za ka ga dattijo mai furfura a tashar jirgin ƙasa ya saya ya cusa a aljihun kwat. Gian Luigi Bonelli ne ya ƙirƙiro shi, Aurelio Galleppini ya zana, a lokacin da ƙasar ta fito daga yaƙi babu kuɗi babu wadatar takarda, har ya zama ɗan siririn littafi ne mai shafi 32 suka fara bugawa. Galleppini shi kaɗai ya zana bangon lamba ta 1 har zuwa ta 400.

Abin da ya sa nake son Tex shi ne mutum ne mai magana ɗaya. Ba ya karɓar cin hanci, ba ya tsoron mai kuɗi, ba ya tsoron kanar ɗin soja. Kuma tun a wancan zamani, da finafinan Amurka ke nuna 'yan asalin ƙasar a matsayin maharan daji kawai, shi Tex ya auri 'yar sarkin Navajo, Lilyth, ya zama shugabansu, ɗansa rabinsa Navajo ne, amininsa Tiger Jack ma Navajo ne. Matar tasa ta rasu ne da cutar agana da wasu Turawa masu fataucin makamai suka aika cikin barguna. Blueberry ɗinka mashayi ne, ɗan caca. Wanne za ka so ɗanka ya kwaikwaya?

Mai Zanen Kaduna:
Allah ya ƙara girma Alhaji. Ai shi ya sa na fi yarda da shi. Tex ba ya kuskure, ba ya tsufa, harsashi ba ya samunsa sai dai ya shafi gefen kansa. Blueberry kuwa ɗan mai gonar bayi ne daga Jojiya, aka yi masa sharrin kisa, ya gudu ya shiga rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka, kuma rabin rayuwarsa korarre ne. Ana cin amanarsa, ana dukansa, hancinsa ma karyayye ne. Irin wannan na san akwai shi a duniya.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Mu nan Nijar wanda ya yi lakwal kuma yana shiga ɗakin karatu, Lucky Luke ya fara sani kafin waɗannan biyun. Kada ku raina shi don yana ba da dariya. Morris da ya ƙirƙiro shi ya yi shekaru a Amurka da Meksiko daga 1948, a can New York ya haɗu da René Goscinny, wanda ya riƙa rubuta labaran daga 1955 har rasuwarsa a 1977. Kusan kowane littafi akwai tarihi na gaske a ƙarƙashinsa: shimfiɗa layin dogo, jan wayar tangaraho, rububin filayen Oklahoma, jiragen ruwan Misisipi, alƙali Roy Bean da ke shari'a a cikin gidan giyarsa. Hatta 'yan gidan Dalton, 'yan fashin da Lucky Luke ke yawan kamawa, akwai su. Na gaskiyar sun je fashin bankuna biyu lokaci guda a garin Coffeyville da ke Kansas a 1892, mutanen gari suka ɗauko bindigogi suka gama da su, Emmett kaɗai ya tsira da raunuka sama da 20. Morris ya kashe su a littafinsa, masu karatu suka nuna suna son su, shi ne aka kawo 'yan uwansu huɗu, Joe da William da Jack da Averell.

Kuma ni a ganina dariyar nan ta fi kusa da gaskiya. Tana nuna maka ɗan fashi wawa ne, mai kwaɗayi, matsoraci. Sauran littattafan su ne ke ba shi kwarjini.

Malamar Tarihi:
Barkanku. Na daɗe ina karanta ku, maganar Alhaji ce ta sa na kasa yin shiru. Alhaji, da girmanka, wane ne babban abokin tafiyar Tex? Kit Carson. A littafin dattijo ne mai farin gashi, mai barkwanci, aminin Navajo. To Kit Carson mutum ne na gaske, kuma shi ne ya jagoranci sojojin Amurka a kan Navajo a 1863 zuwa 1864. Ba fagen daga aka yi ba. Gonakinsu aka ƙone, aka karkashe tumakinsu, aka sare itatuwansu na marmari, sai da yunwa ta fito da su daga cikin duwatsu. Daga nan aka kora su a ƙafa kusan kilomita 500 zuwa wani sansani da ake kira Bosque Redondo. Sama da mutum 8,000 aka tsare a can, sama da 2,000 suka mutu, sai 1868 aka bari suka koma gida. Har yau Navajo ba su manta da wannan tafiya ba.

Yanzu a ɗauki sunan wannan mutum a ɗora shi a kan doki kusa da shugaban Navajo, suna raha. Shugaban ma kuma Bature ne. Wato ko da littafin ya tausaya musu, bai yarda za su iya jagorancin kansu ba, sai an kawo musu farar fata ya cece su. Ban ce Bonelli mugu ba ne, a zamaninsa ya wuce sa'o'insa. Amma yaron da ya san Carson ta hanyar Tex kaɗai an ba shi labari a juye.

Alhajin Torino:
Malama, abin da kika faɗa a kan Carson na tarihi babu mai ja da ke. Amma ki yi wa Tex adalci. Akwai labarin "Sangue Navajo", inda wasu manyan gari suka harbe yaran Navajo don nishaɗi, hukuma ta ƙi hukunta su, Tex ya tsaya tare da Navajo ya fuskanci sojan Amurka. Yaron Italiya da ya karanta wannan a wancan lokaci ya koyi cewa mai kaki da tuta yana iya zama azzalumi. Wannan ba ƙaramin darasi ba ne ga ƙasar da ta fito daga hannun Mussolini. Marubuci yana aron suna ya yi abin da yake so da shi, kowa ya san ƙagaggen labari ne.

Malamar Tarihi:
Sunan wanda ya ƙone maka rumbu ba abin aro ba ne Alhaji. Da Bonelli ya sa masa wani suna da babu wanda zai yi magana. A nan Charlier ya fi kyautawa. Farkon Blueberry an gina shi ne a kan abin da ya faru a 1861, lokacin da wani ƙaramin hafsa mai suna Bascom ya zargi Cochise, shugaban Apache, da satar yaro, ya gayyace shi tattaunawa sannan ya nemi kama shi, aka rataye 'yan uwansa. Wannan wautar ta haifar da yaƙin da ya ɗauki kusan shekara 10. Littafin ya canza abubuwa da yawa, amma ya bar laifin a inda yake.

Maman Ilham:
Ku yi mini afuwa, ni tawa damuwar daban ce. Ɗana yana da shekara 11, kuma ya samu irin waɗannan littattafan a waya. Ina zaune a yankin da ba a kwana da ido biyu rufe saboda 'yan bindiga. Mun binne mutane. Sai in ga littafi yana nuna wa yaro cewa namijin duniya shi ne wanda ya fi saurin zaro bindiga, kowace rigima da harsashi ake raba ta, kuma wanda aka harbe faɗuwa kawai yake yi a juya shafi. Ba a nuna uwarsa, ba a nuna marayunsa. Kuna ta yabon tawada da buroshi, ni kuwa abin da ke shiga kan yaron nake dubawa. Don Allah ku gaya mini me zai ƙaru da shi.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Damuwarki ba sabuwa ba ce, kuma ɗan ƙasarmu ya riga ya yi fim a kanta. Moustapha Alassane, a 1966, "Le Retour d'un aventurier". Saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, malafa da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawakai suka addabi garinsu. Tun a lokacin ya ga abin da sinima ke yi wa samarin Yamai.

Su ma Turawan sun yi wannan faɗan. Faransa ta kafa doka a 1949 a kan littattafan yara, kuma saboda ita aka riƙa tace Lucky Luke. A farkon labaran yana kisa, daga baya ya koma harbe bindigar daga hannun mutum kawai ya kai shi kurkuku. Akwai zanen da aka cire saboda ya nuna ɗan ta'addan nan Billy the Kid yana jariri yana tsotsar bakin bindiga. Hatta sigarin bakinsa an cire a 1983 aka sa masa tsinken ciyawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama Morris a 1988. In dai ɗan shekara 11 ne, Lucky Luke zan ba shi in ɓoye sauran.

Bature Mai Kanti:
Ni fa tambayata a kan masu farautar mutane don tukuici ce. Su ne suka fi burge ni. Mutum shi kaɗai, babu oga, babu albashi, ya ga takarda a manne a bango an rubuta a kawo wane a raye ko a mace, ya ninke ta ya sa a aljihu ya hau doki. Jonah Hex nake nufi. Kuma shi na Amurka ne, don kada Mai Zane ya ce ba su iya ba. Kamfanin DC ya fito da shi a 1972, John Albano ya rubuta, Tony DeZuniga ɗan Filifin ya zana. Rabin fuskarsa a ƙone, yana yawo da tsohon kakin sojan Kudu, babu garin da ke maraba da shi. Inda hukuma ta gaza ai dole a samu irinsa. Ko ba haka ba?

Malamar Tarihi:
Malam Bature, a nan ne zan daɗe, don wannan shi ne wurin da littattafan suka fi yi wa tarihi kwalliya. Mutumin da sana'arsa kenan kaɗai, yana yawo daga gari zuwa gari yana tara tukuici, ba shi da yawa a zahiri. Galibin kuɗin da ake sawa a kan masu laifi 'yan doka ne ke karɓa, saboda albashinsu bai taka kara ya karya ba, ko ma'aikatan kamfanin binciken sirri na Pinkerton waɗanda bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa ke haya, ko kuma wani na kusa da ya ci amana.

Dubi Jesse James, shahararren ɗan fashi. Gwamnan Missouri ya sa kuɗi a kansa. Wa ya kashe shi a 1882? Robert Ford, yaron da ke cikin ƙungiyarsa, yana zaune a gidansa yana cin abincinsa. Ya jira sai da Jesse ya ajiye bindigoginsa ya juya baya yana gyara hoto a bango, ya harbe shi a ƙeya. Aka yanke wa Ford hukuncin rataya, gwamna ya yafe masa a ranar, kuma ɗan kaɗan ya samu daga kuɗin. Ya koma yana kwaikwayon kisan a dandali ana biyansa, mutane suna yi masa ihun matsoraci, har shi ma wani ya harbe shi a 1892. Billy the Kid kuwa dala 500 aka sa a kansa, kuma ɗan doka Pat Garrett ya harbe shi ne cikin ɗaki mai duhu da tsakar dare a 1881. Wild Bill Hickok, ɗan dokar da ya yi suna wajen harbi, yana karta aka harbe shi ta baya a 1876. Tsayuwar nan ta gaba da gaba a tsakiyar titi, kowa hannunsa a kan kube ana jiran wanda zai fara zarowa, an yi irinta, misali Hickok da Davis Tutt a 1865, amma da ƙyar za ka cika yatsun hannu da su.

Sannan akwai farautar tukuici ta gaske wadda ba a cika zanawa ba. Masu bin sawun bayin da suka gudu, musamman bayan dokar 1850 da ta tilasta a mayar da su ga iyayen gijinsu ko da sun isa jihohin da babu bauta. Da kuma jihohin Sonora da Chihuahua na Meksiko, da suka riƙa biyan kuɗi tun shekarun 1830 a kan fatar kan duk Ba'apache da aka kawo, har da na mata da yara. Da yake gashi baƙi duk ɗaya ne, maharan suka shiga kashe manoman Meksiko da ba ruwansu suna kai fatar kansu a biya su. Duk inda aka ce kawo kai ka karɓi kuɗi, mai kawowa ba ya tsayawa bincike.

Bature Mai Kanti:
Kai Malama, kin kashe mini jiki. Amma Hex ai ba a nuna shi a matsayin mutumin kirki ba.

Mai Zanen Kaduna:
Gaskiyarka Yaya Bature, kuma a nan zan kare shi. Marubutansa ba su yi masa gata ba. Ubansa ne ya sayar da shi ga Apache yana yaro. Kuma a 1978 Michael Fleisher ya rubuta ƙarshensa, Russ Heath ya zana: ya tsufa, idonsa ya raunana, a 1904 yana zaune wurin karta yana goge tabarau aka bindige shi. Aka ɗauki gawar aka cusa mata abin da zai hana ta ruɓewa, aka sa mata kaya masu ƙyalli ana yawo da ita a wasan nuna zamanin kaboyi, mutane suna biya suna kallo. Wanda ya rubuta wannan ba tallar sana'ar yake yi ba.

Malamar Tarihi:
Kuma hakan ta faru da mutum na gaske. Elmer McCurdy, ɗan fashin jirgin ƙasa da aka kashe a Oklahoma a 1911. Babu wanda ya zo karɓar gawarsa, aka riƙa sayar da ita daga mai wasa zuwa mai wasa, sai a 1976 aka gano ta rataye a wani wurin shaƙatawa a Kalifoniya, ana zaton mutum-mutumi ne. A 1977 aka binne shi.

Ɗan Damagaram:
Inna lillahi. To ku ga abin da nake faɗa a kan Goscinny. A 1972 suka fitar da "Chasseur de primes". Mai farautar tukuicin, Elliot Belt, an zana shi da fuskar ɗan wasan finafinan kaboyi Lee Van Cleef, kuma babu wanda ke ganinsa da mutunci a garin. Dokin wani attajiri ya ɓace, aka zargi wani Bacheyenne da ke masa aiki, aka sa maƙudan kuɗi a kansa. Belt saboda kwaɗayin kuɗin nan ya kusa tayar da yaƙi tsakanin Cheyenne da Turawa, alhali ba a ma tabbatar mutumin ya yi satar ba. Abin da Malama ta yi dogon bayani a kai, ga shi a littafin yara, cikin dariya.

Baban Sadiq:
Ni makiyayi ne ɗan makiyayi, ko da yake yanzu aikin ofis nake. Abin da ke ba ni haushi shi ne ana ce musu kaboyi amma da wuya ka ga saniya a shafi. Ainihin mutanen nan 'yan kiwon haya ne. Bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, saniyar da ba ta wuce dala 4 a Teksas ba tana kaiwa dala 40 a Arewa. Sai a haɗa garke na shanu 2,000 zuwa 3,000, mutum 10 ko 12 su kora su wata biyu ko uku zuwa tashar jirgin ƙasa a Kansas, irin su Abilene. Albashi wajen dala 30 a wata. Abin da ke kashe su shi ne ƙetare kogi, faɗowa daga doki, tsawa, da firgitar garke cikin dare. Sana'ar ma daga makiyayan Meksiko suka koye ta, da igiyar da sirdin duka.

Kuma duka zamanin bai fi shekara 20 ba. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, manoma da masu manyan filaye suka shiga kewaye ƙasa, hanyoyin shanu da wuraren shan ruwa suka toshe, aka yi ta yanke waya cikin dare ana kashe juna. Sanyin 1886 zuwa 1887 ya zo ya ƙarasa garkunan. Duk wanda ya ga yadda burtali ke ɓacewa a cikin gonaki a wurinmu zai gane wannan rigimar ba sai an yi masa fassara ba. Wannan shi ne labarin da nake so a zana, ba na wanda ya fi saurin hannu ba.

Ɗan Damagaram:
An zana shi Malam. "Des barbelés sur la prairie", 1967, manomi ya kewaye gonarsa, masu shanu suka ce ba su yarda ba. A ƙarshe fari ne ya tilasta musu sulhu, don rijiyoyin suna gonakin manoma.

Alhajin Torino:
Na ga an taru a kaina da Tex, to bari in ƙara wani daga Italiya wanda Malama za ta so. Ken Parker, na Giancarlo Berardi da Ivo Milazzo, ya fara fita a 1977 daga gidan da ke buga Tex. Maharbin daji ne mai tsohuwar doguwar bindiga, yana tsufa, yana koyon karatu, har ya shiga yajin aikin ma'aikata ya ƙare a kurkuku. Amma ku sani, Ken Parker ya tsaya, Tex yana nan. Talakan da ya wuni ana taka shi a wurin aiki yana so da dare ya buɗe littafi ya ga an naushi azzalumi. Ni ban ga laifin wannan ba, ni ma shi nake nema.

Maman Ilham:
Alhaji, ai duk wanda ya ɗauki bindiga a dajinmu haka yake cewa, an zalunce shi ne hukuma ba ta yi komai ba. Kowa Tex ne a idon kansa. Wannan ne ke ba ni tsoro.

Malamar Tarihi:
Hajiya, bari in ba ki abin da za ki nuna wa yaron. Garuruwan nan da ake zanawa kamar kowa na rataye da bindiga, da yawansu suna da dokar hana yawo da makami a cikin gari. Ka shigo Dodge City ko Tombstone, ka ajiye bindigarka a otal ko ofishin 'yan doka, in za ka fita ka karɓa. Shahararren harbe-harben nan na O.K. Corral a Tombstone, ranar 26 ga Oktoba 1881, ya tashi ne a kan yunƙurin karɓe makaman wasu da suka karya wannan doka. Daƙiƙa 30 aka yi, mutum uku suka mutu, kuma sai da aka gurfanar da Wyatt Earp da Doc Holliday, da suka yi harbin a ɓangaren 'yan doka, gaban alƙali. Masanin tarihi Robert Dykstra ya ƙirga kisan kai a manyan garuruwan shanu biyar na Kansas daga 1870 zuwa 1885, ya samu 45. Garuruwan ƙanana ne, don haka adadin ba kaɗan ba ne, amma Tex shi kaɗai yana iya zubar da hakan a 'yan littattafai. Mutanen da suka zauna a wurin ba bindiga suke so ba, kotu da makaranta da kasuwa suke nema.

In kuma jarumi yake so, ga Bass Reeves. An haife shi bawa a Arkansas a 1838, ya gudu lokacin yaƙin basasa ya zauna cikin 'yan asalin ƙasar ya koyi harsunansu. A 1875 aka ɗauke shi mataimakin mashal, wato ɗan dokar gwamnatin tarayya, a ƙarƙashin alƙali Isaac Parker, ya yi shekara 32 yana aikin. Bai iya karatu ba, sai a karanta masa takardun sammaci ya haddace. An ce ya kama mutum wajen 3,000, kuma mafi yawansu da ransu ya kai su kotu, sau da dama da dabara da ɓad da kama. A 1902 aka fitar da sammacin ɗansa na cikinsa bisa kisan matarsa, shi ya je ya kamo shi.

Mai Zanen Kaduna:
Kuma baƙar fata ne, wannan ya kamata a jaddada. Masana da dama suna ƙiyasta cewa cikin kowane kaboyi huɗu da suka kora shanu daga Teksas ɗaya baƙi ne, amma ka duba shafukan shekara 50 ka nemo su. A 1965 kamfanin Dell ya fitar da Lobo, kaboyi baƙar fata, ƙagaggen jarumi baƙi na farko a Amurka da aka yi wa littafin zane da sunansa a bango. Fitowa biyu ya yi ya mutu. Tony Tallarico da ya zana shi ya ce dillalai sun riƙa mayar da ɗaurin littattafan ko kwancewa ba su yi ba. A 2017 Darko Macan da Igor Kordey suka fara "Marshal Bass" a Faransa, a 2020 kuma Reeves ya shiga Lucky Luke a "Un cow-boy dans le coton". Na Kordey ba na yara ba ne Hajiya, akwai jini sosai, amma na Lucky Luke ɗin zai yi.

Maman Ilham:
Na gode muku duka. Zan nemo masa na Bass Reeves ɗin da na waya mai ƙaya, mu karanta tare, in ya so Ɗan Damagaram ya taimaka mini da inda Faransancin ya fi ƙarfina. Tex da Hex kuwa sai ya girma, Alhaji ka yi haƙuri.

Alhajin Torino:
Babu komai Hajiya, ɗanki ne. Amma in ya kai 15 ki yi mini magana, ni da kaina zan aiko masa da "Sangue Navajo". Malama kuma ta haɗa masa da tarihin Carson, ya karanta duka biyun. Mai Zane, kai kuma ka nemi manyan littattafan Tex na shekara-shekara, musamman wanda Magnus ya yi shekara bakwai yana zanawa ya fito a 1996, ka dubi yadda ya bi ganyen bishiya ɗaya bayan ɗaya, sannan ka dawo mu yi maganar Giraud.